Mai kaji, kai ne bai kamata ka ƙona karan gonarka ba



Yau ba maganar rigakafi ko haɗin abinci zan yi ba, maganar ƙasa ce. Na san wani zai ce me ya haɗa mai kiwon kaji da haro da tarakta? Buhun masara ne ya haɗa su. Duk wanda ya taɓa kiwo ko da zagaye ɗaya ne ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Abinci ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ka kashe, kuma a abincin kaji masara ce rabi ko fiye. Shi ya sa da yawanmu muka fara neman 'yar gona, eka ɗaya ko biyu, mu noma masarar kanmu. Tunani ne mai kyau. Amma abin da nake gani shi ne muna shiga noman da hannu ɗaya, mun bar ɗayan a ɗakin kaji.

Ku duba abin da ke faruwa duk shekara. Bazara ta yi, an fara sharar gona, mutum ya tattara kara da tushiya ya cinna musu wuta, hayaƙi ya turnuƙe hanya har mai mashin ba ya ganin gabansa. Shi wannan mutumin kuma, in ka zagaya bayan ɗakin kajinsa, ga tulin kashin kaji nan yana wari, ƙudaje sun yi sansani, maƙwabta na ƙorafi, jira yake wani mai lambu ya zo ya kwashe a farashin da ya ga dama. Bayan wata biyu kuma sai ka gan shi a shagon taki yana ciniki, ransa a ɓace, yana cewa kamfa da yuriya sun fi ƙarfin talaka. Ya ƙona rabin maganin, ya sayar da ɗaya rabin da arha, ya dawo yana sayen na kanti.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: manomin da ba shi da kiwo yana da ɗan uzuri in ya ƙona kara, domin binne kara shi kaɗai yana da matsala ta gaske. Mai kaji ba shi da wannan uzurin. Abin da ya rage masa kawai shi ne a gauraya karan da kashin kajin a saman ƙasa, sama-sama, ba a zurfafa ba. Kuma wannan aikin haro ne, ba aikin garma mai kifar da ƙasa ba.

Matsalar binne kara kuwa da idona na gan ta, kuma a kaina ta faɗo. Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa kawuna ya yanka min eka ɗaya a gonarsa a can ƙasar Zazzau. Ina ji da kaina lokacin, ga takarda a hannu. Na hana a ƙona karan, na biya tarakta ta bi ta kansa da haro bayan ruwan farko, kwana biyar na shuka masara. Ta fito lafiya lau. Mako uku sai ganye ya fara rawaya daga ƙasa, masarar ta tsaya cak kamar an riƙe ta, ga ta Kawu da ya ƙona nasa karan kore shar a gefe, kunya ɗaya ce ta raba mu. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "To ɗan boko, ita ma masarar taka azumi take yi?" Na ce, "Kawu, a yi min haƙuri, zan gano." Sai da na ƙara rabin buhun yuriya a kan wanda na yi niyya kafin ta farfaɗo. Abin haushin shi ne an koya mana dalilin a aji, na ma amsa shi a jarrabawa, amma sai da na yi asara na gane shi.

Ga dalilin. Kara ba ya ruɓewa da kansa, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa ne ke cin sa. Su kuma kamar kaji suke, ba sa rayuwa da masara zalla, sai an haɗa musu da abin gina jiki. Masararsu ita ce sinadarin kabon, waken suyarsu kuma naitirojin. Suna son kusan kashi 25 na kabon a kan kashi 1 na naitirojin. Karan masara kuwa kusan 60 ne a kan 1, karan shinkafa ya ɗan fi haka, garin katako kuma ɗaruruwa ne. Idan ka tura musu kara zalla, ba za su ƙi ci ba, sai dai su nemo cikon naitirojin ɗin daga ƙasar da ke kewaye, wato daga bakin shukarka. Ba ɓacewa ya yi ba, rance suka ɗauka, za su mayar in sun gama aiki. Amma kafin nan masararka ta wuce lokacin da ta fi buƙata.

Kashin kaji shi kuma kusan 10 ne a kan 1. Naitirojin ya yi masa yawa, shi ya sa yake ƙona shuka in an zuba shi ɗanye, shi ya sa kuma yake wannan warin mai shiga ido. Warin nan da kake ji, takinka ne ke tashi sama. Ka haɗa shi da kara, kowanne ya rufa wa ɗan uwansa asiri: karan ya samu abin da zai ruɓe da shi ba tare da ya taɓa rabon shuka ba, kashin kuma ya samu abin da zai riƙe shi. Kaza mai ƙwai ɗaya tana yin kashi kusan giram 100 a rana. Mai kaji 500 yana tara kilo 50 kullum, kusan tan ɗaya da rabi a wata, ko da yake mafi yawansa ruwa ne da zai bushe. Wannan ba shara ba ce.

Kada kuma in zuzuta kara fiye da kima, domin akwai masu yi. Masara tana barin kara kusan nauyin hatsin da ta bayar. In ka samu buhu 20, to ka bar kusan tan biyu na kara a gona. Naitirojin ɗin da ke ciki bai wuce ya ɗan haura na rabin buhun yuriya ba. Ba shi zai hana ka sayen taki ba, kada wani ya ruɗe ka. Wuta tana kwashe kusan duk wannan naitirojin ɗin da kabon ɗin, ta bar maka toka mai fotash, ita ma iskar bazara ta kwashi rabonta. Babbar asarar ita ce jikin ƙasar. Yawancin gonakinmu na tudu abin da ya rage musu na ruɓaɓɓen ganye da kara kaɗan ne ƙwarai, kabon ɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Irin wannan ƙasar ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ka zuba yuriya, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wuce da ita. A yi kwana goma babu ruwa, ganye ya naɗe. Wuta-wuta kuma nan ne gidanta. Gyaran wannan ba na shekara ɗaya ba ne, sai an jure shekara uku, huɗu kafin ido ya fara gani.

To me ya sa na nace a kan sama-sama?

Saboda rayuwar ƙasa a sama take. Iska, ɗumi, gara, tana, ƙananan halittun nan, yawancinsu suna cikin santimita 10 zuwa 15 na farko, wato bai kai taƙi guda ba. Babbar garmar tarakta tana shiga santimita 20 zuwa 30, ta ɗauki karan ta kifar da shi can ƙasa a dunƙule kamar tabarma, inda iska ba ta isa sosai, ta kuma ɗago maka jar ƙasar da ba ta da komai ta shimfiɗa a sama. Wata shekarar in ka tona sai ka tarar da karan yana nan. Ga shan man gas, ga tsada. Haro kuwa faya-fayansa yanka suke yi suna gaurayawa, su bar wani karan a binne, wani rabi a waje. Wannan na wajen ba kuskure ba ne, shi ke tare ɗigon ruwan sama kada ya daki ƙasa kai tsaye. Masana ma suna cewa in bayan shuka kusan kashi 30 cikin ɗari na fuskar gonar a rufe take da ragowar amfanin gona, zaizaya tana raguwa sosai. Mu kuwa mun saba gona mai kyau ita ce wadda aka share tas kamar tsakar gidan amarya. Wannan idon sai mun canza shi.

Akwai wata ribar da ba a cika faɗa ba. Tsutsar da ke huda karan dawa da masara a cikin busasshen kara take kwana duk rani, tana jiran ruwa ta fito. Masu ƙonawa suna da gaskiya a nan, wuta na kashe ta. Amma datsa karan da watsa shi a rana da binne shi ma yana rage ta ƙwarai. Wanda ya fi ba ta mafaka shi ne karan da aka jingine a tsaye a gefen gona ko aka yi danga da shi.

Yanzu maganar injin. Na san kuna ganin bidiyon nan a Facebook da TikTok, ƙatuwar tarakta na gudu a gonar Turai, tana jan haro mai ƙananan faya-fayai jere biyu da abin daddanne ƙasa a baya, kara na shigewa kamar ana dama fura. Irin su Catros na kamfanin Amazone, ko Rubin na Lemken, ko Carrier na Väderstad. Injina ne masu kyau, babu musu, an ƙera su ne don wannan aikin daidai. Amma sai da gudu suke aiki, sama da kilomita 10 a awa, kuma mai faɗin mita 3 kaɗai yana son tarakta mai ƙarfin doki kusan 100. Taraktocin da ke yawo a garuruwanmu yawanci 60 zuwa 80 ne, gonakinmu ƙanana ne, ga kututture, ga tsofaffin kunyoyi, kafin direba ya ɗauki gudu ya kai iyaka. In boris ɗaya ya lalace kuma ka shiga uku wajen nema. Ka kalla, ka ƙaru, ka wuce.

Haron da muke da shi a gida ya isa, in an san abin da za a ce wa direba. Matsalar ita ce yawancinmu muna biyan kuɗi mu tafi, mu dawo da yamma mu ga ƙasa ta yi baƙi mu ce an yi aiki. A'a. Ka tsaya a gonar. Ka duba ko faya-fayan gaba masu giɓi ne a baki, su ne ke kama kara su yanka, masu santsin baki da suka dakushe hawa kansa kawai suke yi su wuce. Ka riƙe ɗan tsinke ka riƙa soka shi a bayan taraktar, in zurfin ya wuce rabin taƙi da ɗan wani abu ka ce a rage karkatar faya-fayan. Shi direba da eka ake biyansa, sauri yake ya tafi gona ta gaba, ba zai gyara komai ba sai ka yi magana. Ka yi masa magana da mutunci, ka sayo masa ruwa mai sanyi, za ka sha mamaki. Kuma in karan dogaye ne a tsaye, kada ka sa rai haro zai yi maka sihiri. A sassare shi da adda tun da kaka, guntu-guntu kamar tsawon taƙi ɗaya ko biyu. Mai garmar shanu ma wannan ne sirrinsa, domin dogon kara shi ke cushe bakin garma har shanu su tsaya.

Ƙaramar taraktar nan mai ƙafa biyu da ake bi a baya, mai wuƙaƙe masu juyawa, ita ce matasa suka fi tambayata a kai, musamman masu fadama da masu shinkafa. Tana gauraya taki da ƙasa fiye da haro, wannan gaskiya ne, kuma tana shiga inda babbar ba ta shiga. Amma ina tsoronta a hannun mai zumuɗi. Wuƙaƙen nan niƙa ƙasa suke yi. Ka bi sau ɗaya, lafiya. Ka bi sau uku don gona ta yi laushi kamar garin tuwo, ruwan farko zai mayar da ita ɓawo mai tauri, tsiro ya kasa fasawa. In kuma kullum a zurfi ɗaya kake bi, ko ƙasa na jiƙe sharkaf, sai a samu wani dandali mai tauri a ƙarƙashi wanda saiwa ba ta ratsawa. Dogon karan shinkafa kuma naɗewa yake a jikin sandar wuƙaƙen, kowane minti goma ka tsaya kana warwarewa. Gwajin danshi mai sauƙi ne: ka dunƙula ƙasar a hannu, in ta dunƙulu kuma ta wargaje da ka matsa da yatsa, shiga. In ta manne kamar ta ginin tukunya, koma gida.

Masu noman rani a irin su Kura da Kadawa, da ke cire shinkafa su bi ta da alkama ko tumatir, sun fi kowa sanin matsin lokaci, shi ke sa a cinna wa karan shinkafa wuta. Irin matsin da ke sa manoman Punjab da Haryana a Indiya ƙona nasu ke nan duk watan Oktoba da Nuwamba, har hayaƙin ya rufe birnin Delhi. Karan shinkafa kuwa shi ke riƙe da mafi yawan fotash ɗin da shukar ta sha daga ƙasa. Mai ban ruwa ma ya fi mai jiran damina sauƙi, tunda danshin a hannunsa yake.

Sai dai fa ba kowace gona ce ke son haro ba, kuma nan ne nake rabuwa da masu cewa kowa ya binne. Idan gonarka jigawa ce, rairayi, irin na arewacin Katsina da Jigawa da Yobe har zuwa Maraɗi da Damagaram, kada ka tayar da ita da rani. Ka sassauta rairayi ka bar shi tsirara, iska za ta kwashe maka saman gonar ta kai wa wani. A can karan a sama ya kamata ya kwanta. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana gwada wannan tun shekarun 1980, kuma abin da aka gani shi ne karan gero da aka bari a kwance yana tare ƙurar da iska ta ɗauko, yana rage zafin ƙasa, gero kuma ya fi yi. Gara ce taraktar wannan yankin, ita za ta ja karan ciki kyauta. Kuma mai gero da ke shuka da ruwan farko ba shi da mako uku na jira. Shi takin kajinsa a gindin shuka zai sa, ruɓaɓɓe, ɗan kaɗan.

Wani zai ce, Malam, kara fa kuɗi ne. Haka ne. Karan dawa ana danga da shi, ana girki, ana sayar wa masu shanu da tumaki, harawa kuwa ko a mafarki ba zan ce ka binne ta ba, ta fi ƙarfin haka. In kana da mai saye a farashi mai kyau, sayar, ko ka raba biyu. In dabbobi ne za su ci a cikin gonar su bar maka kashinsu, kamar yadda iyayenmu ke shiryawa da makiyaya bayan kaka, wannan ma mayarwa ce. Faɗana da ashana ne kawai. Wanda ya sayar ya samu kuɗi, wanda ya ciyar ya samu nama da taki, wanda ya ƙona fa?

Shin in sayi injin? Kusan duk wanda ya tambaye ni amsata a'a ce. Eka biyu aikin awa ɗaya ko biyu ne ga tarakta, sau ɗaya a shekara. Ka zuba jarin kajinka a ƙarfen da zai kwana wata goma sha ɗaya a ƙarƙashin bishiya yana tsatsa? Sai dai in haya za ka riƙa bayarwa, wannan kuma wata sana'a ce daban mai son makanike da direba amintacce da lissafinta. Abin da ya fi shi ne ku haɗu ku biyar ko goma masu gonaki kusa da juna, ku kama tarakta rana ɗaya. Mai tarakta ba zai ƙona mai ya zo don rabin eka ba, amma zai zo don eka goma sha biyar, har ya rage muku. Ku yi maganar tun watan Maris, ku ba da kafin alƙalami. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ruwa ya sauka kowa neman tarakta yake, ƙaramin manomi kuma shi ne na ƙarshe a layi.

Ga yadda nake yi yanzu a gonar Kawu, wadda ƙasarta ke da ɗan jiki. Da kaka a sassare karan a bar shi a kwance. Kashin kaji ina tara shi a inuwa, a rufe, ba a rana da iska ba. Ruwan farko mai kyau ya sauka a watan Mayu, ƙasa ta yi taushi, sai a watsa takin da safe, haro ya bi a ranar. A ranar fa, ba jibi ba, domin kowace rana da ya yi a fili ƙarfinsa na tashi. Daga nan in jira mako biyu zuwa uku kafin a yi huɗa a shuka. Takin zamani ina sawa har yanzu, na dai rage.

Ku lura da irin kashin da ke hannunku. Na kajin keji zalla ne, yana da zafi, kaɗan ya isa. Na kajin nama da aka kwashe bayan mako shida kuwa, in ka duba da kyau garin katako ko ɓuntun shinkafa ya fi kashin yawa. Wannan in ka zuba shi kai tsaye a kan kara ka ƙara wa Barno dawaki ne, sai masara ta yi irin azumin da tawa ta yi. A tara shi, a jiƙa, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya huce ya yi baƙi tukuna. Masu kifi, a nan kuke da rana: ruwan da kuke zubarwa in kun canza wa tarwaɗa, da lakar da kuke kwashewa a gindin tafki, su ne mafi kyawun abin jiƙa wannan tulin. Banda ruwan da aka sa wa gishiri mai yawa ko magani, shi a zubar da shi wani wuri.

Kuma don Allah, kashin da ya fito daga ɗakin da kaji suka mutu da yawa ba a san dalili ba, kada ya bar wurin, kada ka saya, kada ka sayar. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan a jihar Kaduna, buhunan taki da tayoyin mota da takalma suna cikin hanyoyin da take bi daga gona zuwa gona. Takalmin da ka shiga gonar masara da shi ranar watsa taki, kada ka shiga ɗakin 'yan tsaki da shi. Masu latas da kabeji da karas da duk abin da ake ci ɗanye, ku bar wata uku zuwa huɗu tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbi.

In kana shakka, kada ka yi gonar duka. Bana ka ware kunya ashirin, ka yi musu yadda na faɗa, sauran ka yi yadda ka saba, iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya. Da kaka ka auna kowanne daban, ka rubuta a littafin da kake rubuta ƙwai. Kawu ma haka ya yi bara, bai gaya min ba, sai gani na yi ya aiko yaro da amalanke yana tambaya ko akwai sauran kashin kaji.